TSOFAFFIN HOTUNA NA ZAMANIN SARAUNIYA BIKTORIYA: YADDA AKA YI SU DA YADDA AKE ADANA SU

Cikin watan Fabrairu na shekara ta 1952, a birnin Landan, aka buɗe wani tsohon akwati wanda ya daɗe a ajiye ba wanda ya waiwaye shi. Daga cikin tarkacen da ke ciki aka fito da wani farantin kuza mai tsawon santimita 20 da faɗin santimita 16, aka miƙa shi ga wani masanin tarihin hoto mai suna Helmut Gernsheim, haifaffen ƙasar Jamus. Da farko bai ga kome ba sai ƙyalli irin na tsohon madubi. Sai da ya karkata farantin ya fuskantar da shi ga haske, sa'an nan rufin wasu gidaje ya bayyana dishi-dishi. Wannan faranti shi ne hoto mafi tsufa da ya rage a duniya daga cikin waɗanda aka ɗauka da akwatin ɗaukar hoto.

Wanda ya ɗauke shi wani Bafaranshe ne, Nicéphore Niépce, mutumin Chalon-sur-Saône. Wajen shekara ta 1826 ko 1827 ya shafe farantin da wani irin kwalta mai taurara in haske ya taɓa shi, ya sa shi cikin akwati bakin tagar gidansa, ya bar shi nan har awa takwas ko fiye. Daga baya ya wanke wuraren da ba su taurara ba, hoto ya tsaya. Cikin 1827 ya tafi da farantin Ingila wajen gaida wansa da ke kwance ba lafiya, ya bar shi hannun wani mai zane, Francis Bauer. Farantin ya yi ta sake hannu, aka nuna shi ga jama'a cikin 1898, daga nan labarinsa ya ɓace har shekara 54. Gernsheim da matarsa Alison suka yi ta bin sawu da wasiƙu har Allah ya sa aka dace. Cikin 1963 Jami'ar Teksas ta ƙasar Amurka ta sayi tarin hotunansu, can farantin yake ajiye.

Wannan labari ya isa ya nuna amfanin masu tara tsofaffin hotuna. Da ba don naci irin nasu ba, da abubuwa da yawa na tarihi sun tafi bola. Mafi yawansu kuwa sun fi ba da ƙarfi ga hotunan mutane na zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, domin cikin waɗannan shekaru ne sana'ar hoto ta fito, ta girma, ta kai ga talaka.

Hoton azurfa

Niépce ya rasu cikin 1833 bai ga ƙarshen aikinsa ba. Abokin cinikinsa Louis Daguerre ya ci gaba da bincike har ya gano wata hanya dabam. Ran 19 ga watan Agusta na 1839 aka bayyana asirin wannan hanya gaban taron masana a birnin Pari, bayan gwamnatin Faransa ta saye ta. Ladan da aka yanka wa Daguerre shi ne faran 6.000 kowace shekara har mutuwarsa, ɗan Niépce kuma faran 4.000. Aka raɗa wa irin wannan hoto suna dagerotip.

Ga yadda ake yinsa. Ana samun farantin jan ƙarfe mai rufin azurfa, a goge shi har ya zama madubi. A turara shi da tururin iyodi domin ya riƙa jin haske, a sa shi cikin akwati a ɗauki hoto. Sa'an nan a ɗora shi bisa zaiba mai zafi, tururinta ya fito da surar da ke ɓoye. Daga ƙarshe a wanke shi da wani gishiri mai hana haske ƙara cin sa. Aikin na da haɗari ƙwarai, gama tururin zaiba guba ne, ya kuwa illata masu sana'ar da dama.

Dagerotip ba ya da na biyu. Wanda yake son uku sai ya zauna sau uku. Kuma dama da hagu a juye suke fitowa, kamar yadda mutum ke ganin kansa a madubi. Fuskarsa ba ta jure taɓawa: yatsa ɗaya ya isa ya share fuskar mutum har abada. Shi ya sa ake rufe shi da gilashi, a sa shi cikin ƙaramin akwati mai murfi kamar na ajiye zobe.

Da fari mutum kan zauna cikin rana minti da yawa ba motsi, abin da ba kowa ke iyawa ba. Amma cikin 1840 wani malamin lissafi na birnin Biyana, Joseph Petzval, ya tsara gilashin akwati mai tara haske da yawa, wasu kuma suka ƙara magunguna masu gaggauta aiki, lokacin ya ragu ya koma ƙasa da minti ɗaya. Cikin watan Maris na 1841 Richard Beard ya buɗe ɗakin ɗaukar hoton mutane na farko a Landan, bisa rufin wani soro, domin a sami hasken rana sosai. Duk da haka sai an tokare ƙeyar mutum da wani ƙarfe daga baya, kada kansa ya motsa. Mai duba irin waɗannan hotuna da kyau yakan hangi ƙafar ƙarfen tana leƙowa bayan ƙafafun mai hoton. Wannan daɗewa, tare da al'adar mutanen lokacin ta ɗaukar zama gaban mai hoto kamar babban sha'ani, ita ta sa da wuya a ga mai murmushi.

Hoton takarda da dodonsa

A Ingila kuwa wani mai ilimi, William Henry Fox Talbot, ya bi wata hanya. Tun cikin Agusta 1835 ya ɗauki hoton tagar gidansa na Lacock bisa takardar da ya jiƙa da ruwan gishiri da ruwan azurfa. Abin da ya fito baƙi ne inda ya kamata ya zama fari, fari kuma inda ya kamata ya zama baƙi, wato abin da masu sana'a ke kira dodon hoto. Talbot ya gane cewa in aka ɗora wannan dodo bisa wata takarda mai magani aka shanya a rana, hoto na sosai zai fito, kuma ana iya maimaitawa sau nawa aka ga dama. Cikin 1841 ya yi rajistar hanyarsa da sunan kalotip. Abokinsa John Herschel, masanin taurari, shi ya nuna masa gishirin da ke tsai da hoto kada ya ci gaba da baƙi.

Kalotip bai kai dagerotip kaifi ba, domin zaren takarda yana fitowa cikin hoton. Amma a birnin Edimbura wasu abokai biyu, David Octavius Hill da Robert Adamson, sun yi aiki da shi daga 1843 zuwa 1847, suka ɗauki malaman addini da masunta da matansu masu tallan kifi. Hotunansu na daga cikin waɗanda masu tari suka fi girmamawa.

Gilashi da farin ƙwai

Abu biyu suka sake fasalin sana'ar. Na farko, cikin 1850 Blanquart-Evrard, mutumin birnin Lil na Faransa, ya fito da takardar da ake shafa wa farin ƙwai da gishiri. Farin ƙwan yana toshe ƙofofin takarda, hoto ya zauna bisa fuskarta da sheƙi da kaifi. Wannan takarda ita ta mallaki kasuwa har wajen shekara 40. An ba da labarin cewa cikin 1888 wata masana'anta guda ta birnin Dresden a Jamus tana fasa ƙwai 60.000 kowace rana saboda wannan aiki.

Na biyu, cikin 1851 wani masassaƙin gumaka Bature, Frederick Scott Archer, ya bayyana hanyar yin dodo bisa gilashi da wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyon. Sharaɗinsa shi ne a shafa, a ɗauka, a wanke, duk kafin ya bushe, wato cikin kamar minti goma zuwa goma sha biyar. Mai hoton da zai fita daji dole ya tafi da tantinsa mai duhu da kwalabensa. Amma lokacin zama ya koma daƙiƙa kaɗan. Archer bai yi rajistar abin da ya gano ba, ya bar wa kowa kyauta, ya mutu cikin talauci a 1857, alhali wasu sun yi arziki da shi.

Daga kolodiyon aka sami wasu iri biyu masu araha. Ambrotip hoto ne bisa gilashi da ake shafa wa baƙin fenti ta baya, sai dodon ya koma kamar hoto na sosai. Ferotip kuwa, wanda ya fito a Amurka cikin 1856, bisa siririn ƙarfe mai baƙin shafe ake yinsa. Ba ya fashewa, ana sa shi cikin wasiƙa, shi ne hoton soja da leburori da masu yawon kasuwa.

Katin ziyara

Cikin 1854 wani mai hoto na Pari, André Disdéri, ya yi rajistar dabarar ɗaukar ƙananan hotuna har takwas bisa gilashi ɗaya. A wanke su bisa takardar farin ƙwai, a yanka, a manna kowane bisa kati mai kamar santimita 6 da 10, daidai da katin da manyan mutane kan bari in sun kai ziyara. Kuɗin hoto ya faɗi, jama'a suka yi ca. Cikin 1860 Sarauniya Biktoriya ta yarda mai hoto John Mayall ya sayar da katunan hotonta da na mijinta da ƴaƴanta. Da mijin nata Albert ya rasu cikin Disamba 1861, an ce an sayar da katin hotonsa 70.000 cikin mako ɗaya. Kowane gida mai hali ya tanadi kundi mai aljihuna, ana jera iyaye da kakanni tare da sarakuna da shahararrun mutane. Ke nan tara hotuna ba sabon abu ba ne, tun zamanin ake yinsa, ita kanta Sarauniyar tana cikin masu yi. Daga 1866 wani kati mafi girma, mai kamar santimita 11 da 16, ya shigo, sannu a hankali ya ture ƙaramin.

Fuskokin Afirka

Cikin waɗannan katuna akwai na ƴan Afirka ta Yamma. Mafi shahara shi ne na Sarah Forbes Bonetta, yarinya Bayarabiya da mayaƙan Sarki Gezo na Dahome suka kama. Cikin 1850 aka ba da ita ga wani hafsan jirgin ruwan Ingila, ya kai ta Landan, Sarauniya ta ɗauki nauyin renonta da karatunta. Cikin Agusta 1862 ta auri James Davies, attajiri na Legas. Wata guda bayan bikin suka je ɗakin hoton Camille Silvy, Bafaranshe mazaunin Landan. Silvy yana da al'ada mai kyau: kowane hoto ya ɗauka sai ya manna kofinsa cikin littafi, ya rubuta lamba da suna da kwanan wata. Littattafan nan suna ajiye a gidan hotunan mutane na ƙasar Ingila. Saboda wannan rubutu ne aka san ranar da Sarah ta zauna da sunan wanda ke tsaye kusa da ita.

Baƙar fata ba su tsaya ga zama gaban akwati kaɗai ba. Augustus Washington, baƙin Amurka mai yin dagerotip, ya ƙaura zuwa Laberiya cikin 1853 ya buɗe ɗakin hoto a Monrobiya. Iyalin Lutterodt na Akra sun riƙe sana'ar tun wajen 1870 da ɗoriya, suna yawo da akwatunansu garuruwan bakin teku. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki hoton Sarkin Bini Ovonramwen cikin jirgin da Ingilishi suka fitar da shi daga ƙasarsa a 1897. A ƙasar da ta zama Nijar kuwa, ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy, wanda ya bi ta Agadas ya iso Damagaram cikin Nuwamba 1899, ya ɗauki hotuna bisa hanya, an buga wasu cikin littafin Foureau na 1902. Sai dai hotunan zamanin mulkin mallaka sau da yawa ba su ɗauke da sunan mutum, sai sunan ƙabilarsa ko na garinsa, kamar dai shi ba ɗan kowa ba ne.

Yadda mai tari ke gane kayansa

Wanda ya ƙware ba ya dogara ga maganar mai sayarwa, hoton da kansa yake tambaya. In ya juya shi ga haske ya ga yana ƙyalli kamar madubi, surar tana ɓacewa tana dawowa, to dagerotip ne. In bai yi haka ba, kuma mayen ƙarfe ya kama shi, ferotip ne. In gilashi ne mai baƙi ta baya, ambrotip ne. Takardar farin ƙwai kuwa siririya ce ƙwarai, kusan kullum manne take bisa kati, launinta ja-ja ne ko ruwan ƙasa, fararen wurarenta sun koma rawaya, in an duba da madubin ƙara girma a ga ƙananan tsage-tsage kamar ƙasar tabki in ta bushe.

Sa'an nan ya nemi shekara. Katunan farko sirara ne masu kusurwa tsaye; daga wajen 1870 suka ƙara kauri, kusurwarsu ta zama mai lanƙwasa. Bayan katin akwai sunan mai hoto da inda shagonsa yake, ana gwada wannan da tsofaffin littattafan sunayen ƴan kasuwa na garin a san shekarun da ya zauna wurin. Katin Amurka mai kan sarki na haraji manne a bayansa an yi shi tsakanin 1864 da 1866, domin cikin shekarun nan kaɗai aka karɓi wannan haraji saboda yaƙin basasa. Tufafi ma shaida ne: buje mai faɗi kamar laima na wajen 1860 ne, mai tudu ta baya kuwa ya zo daga baya.

Wannan bincike wajibi ne, domin kama da wane ba ta wane. Cikin 1974 an nuna wasu hotunan yara matalauta a wani babban gidan tarihi na Landan, aka ce wani mai suna Francis Hetling ya ɗauke su wajen 1840 da ɗoriya. Bayan ƴan shekaru aka gane ba a taɓa yin mai hoto mai wannan suna ba, yaran kuwa na wannan zamani ne aka sa wa tsummoki. Maganar ta kai kotu cikin 1980. Ɗaya daga cikin dabarun masana ita ce haska takarda da fitila mai shuɗin haske na musamman: takardun da aka yi bayan wajen 1950 sukan ɗauki wani sinadarin ƙara fari mai walƙiya ƙarƙashin fitilar, tsohuwar takarda ba ta yin haka.

Kuɗi da daraja

Shekaru da yawa ba wanda ya ɗauki tsohon hoto bakin kome. Abin ya juya bayan 1970. Cikin 1974 aka yi gwanjon wani kundi na Julia Margaret Cameron, matar da ta fara ɗaukar hoto tana da shekara 48, a kan fam 52.000. Gwamnatin Ingila ta hana a fita da shi, jama'a suka yi karo-karo aka saye shi domin ƙasa. Cikin 1999 hoton teku na Gustave Le Gray ya kai fam 507.500 a Landan. Cikin 2003 dagerotip na Girault de Prangey, wanda ya ɗauka a birnin Atina a 1842, ya kai fam 565.250. Cikin 2011 ferotip na ɗan fashin Amurka da ake kira Billy the Kid ya kai dalar Amurka miliyan 2,3.

Amma waɗannan tsiraru ne. Katin ziyara na mutumin da ba a san sunansa ba, araha yake, gama an yi su miliyoyi. A kasuwar hoto ta Bièvres kusa da Pari, wadda aka fara ci tun 1964, akan tarar da su jibge cikin kwali. Abin da ke ɗaga darajar hoto shi ne sunan mai ɗauka, da sunan wanda aka ɗauka, da lafiyarsa, da sanin hannun da ya bi. Shi ya sa masana ke ƙyamar ƴan kasuwar da ke farke kundi suna sayar da hotunan ɗai-ɗai: kuɗi ya ƙaru, amma iyali ya watse, an rasa sanin wace ce uwa, wane ne ɗa.

Maƙiyan hoto

Tun 1855 ƙungiyar masu hoto ta Landan ta kafa kwamiti domin binciken abin da ke sa hoto koɗewa, Albert mijin Sarauniya ya ba da gudummawar kuɗi. Suka gano cewa rashin wanke gishirin tsayarwa sosai, da danshi, da gurɓatacciyar iska su ne manyan dalilai. Neman magani ya kai ga hoton gawayi, wanda Alphonse Poitevin ya aza harsashinsa cikin 1855, da hoton farin ƙarfe na platin na William Willis cikin 1873. Waɗannan ba su cika koɗewa ba, amma tsadarsu ta hana su yaɗuwa.

Dokokin adana ba su da wuya, kuma sun shafi kowane tsohon hoto, ko na Landan ne ko na shagon mai hoto na Maraɗi ko Tawa. Kada a rataye shi inda rana ke bugu. A rataye kofi, a ɓoye na asali. A nisanta shi da danshin damina da zafin rufin kwano, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da kyankyaso. A riƙe shi ta gefe da hannu mai tsabta. Kada a manna shi da ƙaro ko salatif, kada a ɗaure shi da roba. Dagerotip ba a buɗe gilashinsa, ba a goge shi ko da auduga. In za a yi rubutu, a yi shi ta baya da fensir, a hankali, gama tawada tana ratsa takarda.

Wannan rubutu shi ne mafi muhimmanci. Cikin kwalayen kasuwannin Turai akwai dubban fuskoki na mutanen da suka yi wanka, suka sa tufafinsu mafi kyau, suka biya kuɗi domin jikokinsu su san su, amma ba wanda ya rubuta sunansu. Wanda ya iya karatu da rubutu, kuma akwai tsohon hoto a gidansu, ya kamata ya zauna da dattawa tun suna raye, ya tambayi sunan kowa, da garin, da shekarar ko abin da ya faru cikinta, ya rubuta. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.